Ina rubuta labarin jarumar fim a farkon Holiwud: da me kamfani yake riƙe ta?

Ummu Zainab:

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina tsara ƙagaggen labari da na ɗora a kan tarihi, labarin wata yarinya 'yar talakawa da ta shiga harkar fim a Amurka tun zamanin da fim ba ya magana. Tsarin shi ne: ta zo Holiwud a 1912, wani babban kamfani ya ɗauke ta, ta sa hannu a kwantiragin shekara bakwai, ta yi suna, sannan ta fara takun-saƙa da mai kamfanin saboda yana juya ta yadda ya ga dama. A ƙarshe ta maka shi a kotu ta yi nasara.

Ba na son mai kamfanin ya zama mugu kawai mai daka tsawa a ofis. So nake in san ainihin abin da yake riƙe ta da shi. Me ke cikin takardar da ta sa wa hannu? Idan ta ƙi fitowa a wani fim, me zai same ta washegari? Me zai hana ta komawa wani kamfanin? Kuma ko zan iya sa mutanen gaske irin su Mary Pickford su yi magana a ciki? Masu sani a taimaka.

Malam Tanimu:

Wa alaikumus salam Malama. Kafin a taɓo takarda sai an gyara shekarar, domin abubuwa ukun da kika haɗa ba zamaninsu ɗaya ba. Tsakanin 1912 da shekarar da wata jaruma ta karya irin wannan kwantiragin a kotu akwai shekara 32.

A 1912 Holiwud ƙaramar unguwa ce mai gonakin lemo. Situdiyo na farko a cikinta, na kamfanin Nestor, a 1911 aka buɗe shi. Cibiyar harkar tana gabas, a Niyok da garin Fort Lee da ke tsallaken kogin Hudson. Yawancin fina-finai naɗi ɗaya ne, zare mai tsawon ƙafa 1,000, kallon kusan kwata awa, ana gama ɗauka cikin 'yan kwanaki. 'Yan wasa da yawa kuɗin yini ake ba su, dala 5. Da Mary Pickford ta je kamfanin Biograph a 1909 ta tsaya kai da fata sai da aka ba ta dala 10 a yini, tare da alkawarin ba za ta gaza dala 40 a mako ba.

A wancan lokacin ɓoye suna shi ne makamin kamfani. Biograph ba ya rubuta sunayen 'yan wasansa, don haka masu kallo sun san fuskar Florence Lawrence amma ba su san ko wace ce ba, sai dai su ce yarinyar Biograph. Wadda ba a san sunanta ba ba ta da abin yin ciniki da shi. Da Carl Laemmle ya ɗauke ta a kamfaninsa na IMP, sai a 1910 labari ya bazu cewa taragon cikin gari ya kaɗe ta ta mutu. Kamfanin ya buga talla yana ƙaryata labarin, ya kai ta birnin St. Louis jama'a suka yi dafifi don su gan ta da idonsu. Masana tarihi suna ganin shi Laemmle ɗin ne ya kitsa labarin tun farko. Ki lura da abin da ya faru nan: an ba ta sunanta, amma kamfani ne ya zaɓi ranar da hanyar. Ta rasu a 1938 tana 'yan ƙananan fitowa a MGM, kabarinta kuma bai sami alama ba sai 1991.

Daga wajen 1914 zuwa 1919 jarumai ne ke da baki. Fim ya yi tsawo, kamfanoni suna rububin fuskokin da ke cika sinima. A 1916 Pickford ta karɓi kwantiragi daga Adolph Zukor, jagoran kamfanin da ya zama Paramount, na dala 10,000 a mako da rabin ribar fina-finanta, kuma mahaifiyarta Charlotte tana cikin duk wani ciniki da ta yi. A Fabrairun 1919 ita da Charlie Chaplin da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa United Artists don su riƙa rarraba fina-finansu da kansu, bayan an ji ƙishin-ƙishin manyan kamfanoni za su haɗe su danne albashi.

Amsar tambayarki ta uku tana cikin abin da ya biyo baya. Zukor ya ga cewa jaruma tana iya tafiya, amma ginin sinima ba ya tafiya, sai ya dinga sayen gidajen sinima daga 1919. Kamfanin Loew's, mai gidajen sinima, shi ya haɗa MGM a 1924 don ya riƙa samun abin nunawa. Zuwa ƙarshen shekarun 1920 kamfanoni biyar, Paramount da Loew's da Fox da Warner da RKO, kowanne yana shirya fim, yana rarrabawa, yana nunawa a manyan gidajensa na birane, inda kuɗin yake. Ƙananan masu sinima kuwa a dunƙule ake sayar musu: in kana son fim ɗin babbar jaruma, sai ka haɗa da sauran fina-finan kamfanin na shekarar, waɗanda ba ka ma gani ba. Sai 1948 kotun ƙoli ta yanke hukuncin da ya raba kamfanonin da gidajen sinimarsu. Saboda haka jarumar da ta yi fushi ta fita, ko ta sami mai zuba mata kuɗi, ina za a nuna fim ɗin?

Wani abu da zai raba mai kamfaninki da mugun da ba kya so: shi ma yaron wani ne. Louis B. Mayer yana mulki a situdiyon MGM a Kalifoniya, amma kuɗi da hukuncin ƙarshe suna Niyok, a hannun Nicholas Schenck shugaban Loew's daga 1927. Ki sa talgiram ta iso daga Niyok da lissafin abin da fim ɗinta na baya ya kawo, ki nuna shi yana karantawa kafin ya aika a kira ta. Mai karatu zai gane dalilin taurin kansa ba tare da kin wanke shi ba.

Hajiya Ladidi:

Malam Tanimu ya share hanya, bari in shiga takardar kanta, tunda ita ce igiyar.

Shekara bakwai ɗin daga dokar jihar Kalifoniya ta fito, wadda ta ƙayyade iyakar lokacin da za a iya ɗaure mutum da kwantiragin aiki. A 1931 aka kai iyakar shekara bakwai. A shekarun 1920 biyar ce, shi ya sa za ki ga jaruman lokacin suna sa hannu a na shekara biyar. Ki kiyaye wannan, masu karatun da suka san tarihi suna kamawa.

Abu mafi muhimmanci shi ne ɗaurin gefe ɗaya ne. Ita an ɗaure ta tsawon shekarun duka. Kamfani kuwa duk bayan wata shida, ga wasu duk shekara, yana da zaɓi: ya ci gaba da ita da ƙarin albashin da aka rubuta tun farko, ko ya bar wa'adin ya wuce, shi ke nan an rabu. Ga misali da alƙaluman da na ƙirƙira don bayani kawai: ta fara da dala 75 a mako, bayan wata shida 100, sannan 150, har zuwa 750 a shekarar ƙarshe. Idan fim ɗinta na biyu ya karɓu har wasiƙun masoya suna zuwa buhu-buhu, albashinta yana nan a 100, domin matakalar a rubuce take. Idan kuma ba ta karɓu ba, ba ta taɓa ganin 150 ɗin. Akwai kuma wata dabara: ana gab da ƙarewar wa'adi a kira ta a ce za a ci gaba da ita amma ba ƙarin, ta ɗauka ko ta bari. Haka B. P. Schulberg, shugaban shirya fina-finai a Paramount, ya yi wa jaruma Louise Brooks a 1928, tana kan dala 750 a mako. Ta bari, ta tafi Jamus ta yi aiki da darakta G. W. Pabst.

Shekarar albashi ma ba mako 52 ba ce. Abin da aka saba shi ne a lamunce mako 40, sauran 12 kamfani yana iya ajiye ta ba biya, kuma ba ta da izinin yin aiki a wani wuri. Wannan kaɗai ya ishe ki babi guda: ga hotonta a bangon mujalla, ga mai gidan haya yana ƙwanƙwasa ƙofa.

Idan ta ƙi fim, ga yadda abin yake tafiya. A aiko mata da rubutun labarin da takardar ta bayyana ran kaza ƙarfe kaza a sashen tufafi. Ba ta je ba. Lauyan kamfani ya aiko da wasiƙar dakatarwa, albashi ya tsaya daga ranar. A ba wata rawar. Dakatarwar tana iya kaiwa har a gama ɗaukar fim ɗin da ta ƙi. Sannan, kuma nan ne ciwon yake, makonnin da ta yi a dakace a ɗora su a ƙarshen kwantiragin. Duk ƙin da ta yi, wa'adinta ƙara nisa yake. Wani lokaci da gangan ake miƙa mata rawar da aka san ba za ta karɓa ba, idan ana son a huta da biyanta ko a lanƙwasa ta.

Sai bayar da aro. Kamfani yana da ikon tura ta wani kamfanin ta yi fim ɗaya. Wancan ya biya kamfaninta kuɗi mai tsoka, ita a ba ta albashinta na kullum, rarar ta shiga aljihun kamfani. Ana yin aron don riba, ana yi don a gwada ta da kuɗin wasu, ana kuma yi don horo, a tura ta ƙaramin kamfani ta ji a jikinta.

Sharaɗin ɗa'a ya shigo ne a 1921. A Satumbar shekarar 'yar wasa Virginia Rappe ta rasu bayan wata liyafa a San Francisco, aka tuhumi ɗan wasan barkwanci Roscoe Arbuckle. Sau uku ana shari'a, a Afrilun 1922 aka wanke shi, amma sana'arsa ta riga ta rushe. Tun ana cikin rikicin Universal ya sanar da sharaɗin da ya ba shi damar soke kwantiragin duk wanda ya yi abin da zai jawo masa tsanar jama'a ko abin kunya, sauran kamfanoni suka bi sahu. A Fabrairun 1922 aka kashe darakta William Desmond Taylor, jaridu suka yi ta yayata sunayen jarumai Mabel Normand da Mary Miles Minter duk da ba a tuhume su ba. A shekarar ne kamfanonin suka kafa ƙungiyarsu suka ɗora Will Hays a kan shugabancinta. Kalmomin sharaɗin a buɗe suke, kamfani ne ke fassarawa. Muddin tana kawo kuɗi, sashen hulɗa da jaridu shi ke binne mata asiri. Ranar da ta zama nauyi, asirin nan ne dalilin kora. Wanda ya rufa mata asirin shi ne ya fi kowa riƙe ta.

Suna da tarihin rayuwa ma kamfani ke tsarawa. Theda Bara sunanta Theodosia Goodman, 'yar Cincinnati, amma kamfanin Fox ya shelanta cewa a sahara aka haife ta. Lucille LeSueur ta zama Joan Crawford a 1925 ta hanyar gasar zaɓen suna da aka sa a wata mujalla.

Batun kotu. Bette Davis ta tsallaka Ingila a 1936 don ta yi fim a can, Warner ya bi ta kotun Landan, ta sha kaye ta dawo bakin aiki. Olivia de Havilland ce ta yi nasara: kwantiraginta ya cika a 1943, Warner ya ce akwai sauran kusan wata shida na dakatarwa, ta kai ƙara, a Disambar 1944 kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta ce shekara bakwai na kalanda ake nufi, ba a ƙara komai. Kusan shekara biyu ba ta fito a sabon fim ba saboda wannan shari'ar. Idan kina son kotu a zamanin fim marar magana, ki dubi Jetta Goudal. Kamfanin Cecil B. DeMille ya sallame ta a 1927 da hujjar tana yawan musu da daraktoci, ta nemi albashinta, ta ci, aka tabbatar da hukuncin a 1931. Bayan haka aiki ya yi mata wuya. Wannan ita ce irin nasarar da zamanin yake bayarwa.

Ƙungiyar ƙwadago kuwa kada ki ba ta. Ƙungiyar 'yan wasan dandamali ta gwada shiga Holiwud a 1929 ba ta yi nasara ba. Ta 'yan fim a 1933 aka kafa ta, bayan kamfanoni sun zabtare rabin albashi na mako takwas, kuma sai 1937 suka yarda su zauna da ita.

Ummu Zainab:

Allah ya saka da alheri Malam, Hajiya na gode ƙwarai. Zan mayar da labarin 1925 zuwa 1930, kwantiragin shekara biyar, don zuwan sauti ya faɗo a tsakiya. Saura wurin aikin kansa. Me take gani, me take ji a jikinta in ta shiga da safe?

Abu Sadik:

Zaɓin shekarun ya yi, Malama, domin za ki sami wurin aiki iri biyu a littafi ɗaya.

Fara da kwalliya, domin zaren fim ɗin ne ke hukunta fuska. Wanda aka fi amfani da shi har tsakiyar shekarun 1920 ba ya ganin ja, yana kuma ganin shuɗi fiye da kima. Ja yana fita baƙi, shuɗi mai haske yana fita fari. Jan baki sosai sai ya mai da leɓe kamar an shafa gawayi, jan kunci ya fito kamar rami, ɗigon fuska ya yi duhu. Don haka ake shafa man kwalliya mai kauri, mai ɗan rawaya ko ruwan hoda, a bi da hoda, a zagaye ido da launin duhu. Mai shuɗin ido tana cikin matsala, ƙwayar idonta wankewa take a hoto. Mai kyamara James Wong Howe ya yi suna ne da dabarar rataya baƙin karan-miski a kewayen kyamara, yadda idon Mary Miles Minter zai ɗauki duhun ya fito. Fararen tufafi suna ƙyalli su ɓata hoto, sai a rina su su ɗan yi rawaya ko shuɗi. Daga wajen 1926 zuwa 1928 aka koma zaren da ke ganin dukkan launuka, kwalliya ta sauya, mai kayan kwalliya Max Factor ya fitar da sabuwa dominsa. Fuskar da tsohon zare yake so ba lalle sabon ya so ta ba.

Fitilu iri biyu ne. Akwai dogayen bututun Cooper Hewitt masu haske kore-shuɗi, a ƙarƙashinsu kowa kamar marar lafiya, leɓe ya koma shunayya. Akwai fitilun Klieg masu ƙona sandunan kabon, suna huci suna zubar da toka, ma'aikaci yana tsaye yana gyara su. Su ke kawo ciwon idon da aka sa wa sunansu. Ba a wurin aiki yake kamawa ba, sai bayan sa'o'i, cikin dare: ido ya yi ja, ya kumbura, hawaye na zuba, kamar an watsa yashi. A lokacin da yawa sun ɗora laifin a kan ƙurar kabon, alhali wani haske ne da ido ba ya gani yake ƙona fatar ƙwayar idon in fitilar ba ta da gilashin kariya. Magani shi ne ɗaki mai duhu da ƙyalle mai sanyi na kwana ɗaya ko biyu, jadawalin ɗauka kuwa ba ya jira.

Wurin ɗaukar fim marar magana ya fi ko'ina hayaniya. Ana iya ɗaukar fim biyu ko uku a zaure ɗaya, kafintoci suna buga ƙusa a gefe. Darakta yana magana tun daga farkon fitowa har ƙarshe, yana gaya mata ta juyo, ta tuna wasiƙar, ta ɗaga ido a hankali. Kusa da kyamara akwai mai gogen Turawa da mai ƙaramin piyano na iska suna kaɗa mata abin da zai sa ta kuka, kuma manyan jarumai kowace da waƙar da take nema. Mai kyamara da hannu yake juyawa, juyi biyu a daƙiƙa, kowane juyi hoto takwas, wato 16 a ƙa'ida, ko da yake a shekarun 1920 an fi yin sauri da haka. Gwangwanin zare ƙafa 400 ne, bai kai minti bakwai ba. Sau da yawa kyamara biyu ce kafaɗa da kafaɗa, ta biyun don kwafin da za a aika ƙasashen waje. Aiki kwana shida ne a mako, ranar Asabar a kan kai tsakar dare.

Zaren kansa yana kamawa da wuta kamar fetur, ruwa ba ya kashe shi da sauƙi. Gobarar ma'ajiyar Fox ta 1937 ita ta cinye yawancin fina-finan Theda Bara, kuma binciken Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka na 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun salwanta. Haɗari ga 'yan wasa ma gaskiya ne. Martha Mansfield ta rasu a 1923 a San Antonio bayan doguwar rigar wasanta ta kama da wuta. Lillian Gish ta kwanta a kan ƙanƙarar kogi da hannunta cikin ruwa don wani fim na 1920, hannun bai koma daidai ba har ƙarshen rayuwarta.

Da sauti ya zo, daga Oktoban 1927 zuwa 1929, komai ya juye. Aka tsayar da gudu a hoto 24 a daƙiƙa da injin lantarki. Aka kulle kyamara da mai ita a cikin akwati mai tagar gilashi don kada a ji ƙararta, zafin ciki har yana sa mutum jiri. Fitilun kabon suna huci, sai aka koma ƙwayaye masu tsananin zafi, ga ƙofofi a rufe, ga fanka a kashe. Makirfo a ɓoye yake cikin tukunyar fure ko a rataye wuri ɗaya, dole ta tsaya inda yake. Awarwaro da sarƙa suna ƙara, wasu yadudduka suna shuu, takalmi sai an manna masa ƙyalle a ƙasa. Babban abin da za ki nuna shi ne shirun: muryar daraktan da ta saba bi ta ɗauke, mai goge ya tafi, an bar ta da haddar magana da wani sabon mutum, mai ɗaukar sauti, wanda ke iya cewa a sake.

Malam Tanimu:

Ƙari kan maganar Abu Sadik: kada ki ɗauki zancen nan na cewa sauti ya kashe jarumai don muryoyinsu ba daɗi. Ya faru ga wasu, musamman waɗanda Turancinsu ke da nauyin harshen gida, kamar Vilma Bánky 'yar Hangare. Amma Greta Garbo ma da nata nauyin harshen ta ƙara ɗaukaka, kuma Clara Bow ta yi fina-finai masu magana da suka yi kasuwa. Abin da ya durƙusar da Bow gajiya ce da tonon silili a shari'ar sakatariyarta a 1931. Gwajin murya ya zama sanda a hannun kamfani: ga 'yan dandamali ana kwasowa daga Niyok da araha, ga tsofaffin jarumai masu tsada wa'adinsu na zagayowa. Da Brooks ta ƙi dawowa ta ɗora murya a kan fim ɗin da ta gama wa Paramount kafin ta tafi Jamus, aka sa Margaret Livingston ta yi, aka kuma baza cewa muryarta ba ta dace ba.

Yaya Asabe:

'Yar uwa, ni a kan gina labarin zan yi magana, kuma ina da ɗan saɓani da yadda hirar ta karkata. In aka bi takarda kaɗai, jarumarki za ta zama abin tausayi tun shafin farko, kuma hakan bai cika gaskiyar zamanin ba. Albashin dala 75 a mako ya ninka na ma'aikaciyar masaƙa ko mai jiran kanti sau da yawa. Ta san haka, mahaifiyarta ta sani, dangin da take ciyarwa sun sani. Ki bar ta ta so abin, ta yi murna ranar da aka sabunta mata wa'adi, ta yi shiru lokacin da aka dakatar da ƙawarta domin rawar ita za a ba. Garbo kuma ta nuna ana iya ja da su: ta zauna a gida watanni daga ƙarshen 1926, tana kan dala 600 a mako, har MGM ya sauko ya ninka mata albashin sau da yawa a 1927. Ta iya ne saboda fim ɗinta yana kawo kuɗi kuma da gaske a shirye take ta koma Suwidin. Ki tambayi kanki me jarumarki take da shi makamancin wannan, kuma yaushe zai ƙare.

Kada ta zama babbar tauraruwa. Ta tsakiya ta fi ba da labari, wadda sunanta ke zuwa na uku a fosta, domin a kanta sharuɗɗan nan suke aiki sosai. Ki fara ta daga ƙasa: ofishin Central Casting da aka kafa a ƙarshen 1925, inda 'yan cike fili ke buga waya da yamma ko akwai aikin gobe, kuɗin yini kamar dala 5 zuwa 10, mai kayan fita na kanta ta fi samun kira. Ta kwana a Hollywood Studio Club, masaukin 'yan mata da ƙungiyar matan Kirista ta YWCA ke kula da shi, wanda ya koma sabon gini a 1926. Neman lalata da 'yan mata masu neman aiki yana cikin dalilan da aka kafa wuraren nan biyu, don haka kina da hurumin taɓo shi. Ki rubuta shi ta hanyar abin da ya biyo baya, waye aka kira aiki waye aka daina kira.

Mata ba a gaban kyamara kaɗai suke ba. Frances Marion tana cikin marubutan da aka fi biya, ita ta rubuta wa Pickford manyan fina-finanta. Lois Weber ta buɗe situdiyonta a 1917. Ɗakunan yanka da haɗa fim cike suke da mata, irin su Margaret Booth a MGM. Amma a shekarun da kika zaɓa ƙofar darakta tana rufuwa, har ya zama kusan Dorothy Arzner ce kaɗai ta rage a manyan kamfanoni. Tsohuwar darakta da ta koma gyaran rubutun wasu za ta yi miki kyau a matsayin uwar ɗaki. Launin fata ma iyaka ne: Anna May Wong ta tafi Turai a 1928 don ba a ba ta jagorancin fim, Nina Mae McKinney kuma MGM ya ba ta kwantiragin shekara biyar bayan fim ɗinta na 1929 amma ya bar ta kusan ba aiki.

Game da mutanen gaske, ki ƙirƙiri kamfaninki da mai shi da daraktansa, su ɗauki duk wani laifi. Na gaske su gifta a inda tarihi ya tabbatar suna nan, suna yin abin da aka san sun yi. Pickford tana iya wucewa a liyafa, jarumarki tana iya karanta labarin yanke gashinta a jaridun 1928. Kada ki sa mata dogon jawabi, kada kuma ki jingina wa mai suna na gaske fyaɗe ko kisa ko zubar da ciki don kin gani a littafin tsegumi. Yawancin ƙazaman labaran da ake yaɗawa kan Clara Bow daga wata jaridar ɓatanci ta 1931 suka samo asali, kuma mai jaridar ɗauri ya sha.

Ƙarshen labarin, tunda kotun 1944 ta yi nisa, hanyoyin da ke buɗe a 1930 su ne: a bar wa'adinta ya wuce ta koma ƙananan kamfanonin da ke ɗaukar fim cikin mako guda, ko ta hau jirgin ruwa zuwa Landan ko Balin, ko ta koma dandamali, ko ta ci shari'ar albashi irin ta Goudal waya ta daina ƙara. In kika zaɓi tafiya gabas, jirgin ƙasa ne, ana canji a Shikago, tafiyar kusan kwana huɗu zuwa Niyok. Allon nan mai sunan Holiwud da ke kan dutse kuma Hollywoodland yake cewa a lokacin, tallan filaye ne da aka kafa a 1923, sai 1949 aka cire harafi huɗun ƙarshe.